Abin da malamai suka ce kan koya wa ɗalibai sa ɗigo a takardar giraf

Malamai sun tattauna yadda za a koyar da wannan darasi. Tattaunawar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da layin lamba ɗaya. Yaron da bai san inda -3 take ba, kada a haɗa masa layi biyu.

2. Kuskuren da aka fi ambata shi ne juya lambobi: a ba yaro (2, 5) ya sa ɗigo a (5, 2). Shawarar da ta fi yawa, ya ɗora yatsa a (0, 0), mahaɗar layin x (na kwance) da layin y (na tsaye), ya tafi dama ko hagu tukuna bisa lambar farko, sannan ya hau ko ya sauka bisa ta biyu. Wasu sun ce ya sa ɗigon biyu a takarda ɗaya, ya ga ba wuri ɗaya suka faɗa ba. Wannan ta fi kwanta mini, gani ya kori ji.

3. Ɗigo irin (0, 4) da (4, 0) na rikita har masu ƙoƙari. A ware musu darasi.

4. An rabu kan lambobin ƙasa da sifili. Wasu sun ce a tsaya a ɓangaren sama na dama sai hannu ya faɗa, wasu sun ce a nuna ɓangarori huɗun da layukan biyu suka raba takardar tun farko, kada yaro ya ɗauka giraf a sifili ya ƙare.

5. Masu son manhajojin zana giraf, GeoGebra da Desmos, sun yabi saurinsu. Mafi yawa dai sun ce fensir da rula tukuna, domin manhaja ita ke yi wa yaro ƙirgen.