Tsohon gem da aka daina sayarwa: sauke shi sata ce?

Baban Yara: Jama'a, ga matsayina: wanda ya sauke tsohon gem da kamfaninsa ya daina sayarwa bai yi sata ba. A 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa yanzu. Ko da kuɗinka a hannu, babu wanda zai karɓa. To wa aka cuta?

Malama: Haba Baban Yara. Don mai abu ya ajiye abinsa ai bai yafe haƙƙinsa ba. Gobe yana iya fito da shi. Ba ga Nintendo ta dawo da wasannin tsofaffin na'urorinta, NES da Super Nintendo, a Switch Online, tsarinta na intanet a na'urar Switch, ana biya ba?

Mai Gyara: Ku gafarce ni, kuna cakuɗa abu biyu. Emuleta manhaja ce da ke sa kwamfuta ko waya ta yi aiki kamar tsohuwar na'urar gem. ROM kuma shi ne kwafin wasan kansa. Ita manhajar, tun a shekarar 1999 Sony ta kai kamfanin Connectix ƙara kan wadda ke kunna wasannin PlayStation, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya. Abin da ma zai ba ku mamaki, da Sony ta fitar da PlayStation Classic a 2018, emuletar da masu sa kai suka rubuta, PCSX ReARMed, ita ce a ciki. Rigimar tana kan kwafin ne.

Kuma Malama, kayan nan mutuwa suke yi. Ki buɗe kaset ɗin Game Boy ki gani: ɗan batirin da ke riƙe inda mutum ya tsaya ya mutu, haƙoran kaset ɗin sun yi tsatsa. Faifai ya karce, idon na'urar da ke karanta shi ya raunana, sai ƙara take yi ba ta ɗauka. Ina gyarawa, amma wata rana kayan gyaran ma za su ƙare.

Auta: Yaya Mai Gyara, in dai manhajar halas ce, me ya kashe Yuzu?

Mai Gyara: Yuzu emuletar Switch ce, ƙanena, na'urar da ake kan sayarwa. Nintendo ta ce tana warware kullen da ke kan wasanninta, ta kuma ce an sauke wasanta Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan ɗaya tun bai fito ba. A Maris 2024 masu Yuzu suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe, ba a kai ga hukunci ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, don Citra, emuletar 3DS, tsohuwar na'urar hannu ta Nintendo, ma da ita aka tafi.

Malama: To kun ji. Sabon wasa ne, mutane sun yi shekaru suna aikinsa, wasu suka kwashe a ɓagas. Wannan ma adana tarihi ne?

Baban Yara: A'a, wannan kam ɗiban haƙƙin mutane ne, ba na kare shi. Amma dubi Citra ɗin. A Maris 2023 Nintendo ta rufe shagon eShop na 3DS da Wii U. Akwai wasannin da ba su taɓa fitowa a kaset ko faifai ba, a shagon kaɗai suke. Wanda bai saya ba kafin ranar, shi ke nan. Kamfanin Ubisoft kuma ya kashe sabar The Crew a 2024, wato kwamfutocin intanet da wasan ke dogara da su, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari wasan ba ya buɗewa. Wallahi wannan yana ci mini rai. Akwai waɗanda suka zana hotunan wasannin nan, suka tsara kiɗansu, yanzu aikinsu na neman ɓata.

Malama: Batun The Crew ina tare da kai, an zalunci masu saye. Amma maganin shi ne a gyara doka, a ba ɗakunan karatu da gidajen tarihi damar adanawa. Ba kowa ya buɗe shafi ya zuba dubban ROM yana cin kuɗin talla ba.

Baban Yara: Ai an nemi hakan, Malama. An roƙi a bar ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buɗe tsofaffin wasanni ta intanet, a Oktoba 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi, bayan ƙungiyar kamfanonin gem, ESA, ta yi adawa. Haƙƙin kamfani a can shekara 95 yake yi. Super Mario Bros. na 1985 sai bayan 2080 zai zama na kowa. Shi yana da masu tallafarsa, ba zai ɓata ba. Ƙananan da kamfanoninsu suka rushe fa, wa zai riƙe su har lokacin?

Auta: To wanda ke da kaset ɗinsa, ya kwafe abinsa da kansa fa?

Malama: Wannan ban ga laifinsa ba, matuƙar bai rarraba ba. A kan rarrabawar ce har yanzu ni da Baban Yara ba mu daidaita ba.