Dan Allah a ba ni shawara, in ci gaba da fim din nan ko in koma shago?

Dan Soro: Salam yan uwa. Shekara uku kenan ina hada gajerun finafinan barkwanci na kwaikwayon Star Wars, fim din yakin sararin samaniya na Amurka, da Hausa, jarumin nawa dan sama jannati ne da jirginsa ya mace a wata duniya ya rasa bakanike. Koren kyalle na kafe da kusa a bangon soronmu, takobin hasken kuma sandar tsintsiya ce nake kunna mata wuta a manhajar hada hoto mai motsi ta Blender, da kwamfutar yayana wadda in ta dau zafi sai na dora ta kan bulo ina mata fifita, wlh dakika 40 ta taba cinye min kwana biyu. To na dora sabon a YouTube, sai ga sako wai kidan Star Wars da na sa na masu shi ne, ko sisi ba zan samu ba. Baba kuma ya ce bayan sallah shago. Ya zan yi?

Oga Edita: Kanena ka yi ganganci. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ya yi Star Wars, tun 2012 a kan dala biliyan 4, kai kuma ka dauki kidansu haka kawai? Cire shi yau, ka nemi mai kalangu ya buga maka naka. Tsaya ma, ka cika mabiya 1000 da awa 4000 na kallo da YouTube ke nema kafin ta fara biyan kudin talla?

Dan Soro: Yaya ai kidan shi ne abin dariyar, in na cire me ya rage?

Maman Yan Biyu: Bi maganar mahaifinka dana. Nawa mijin kyamara ya saya da kudin fili, yanzu tana cikin akwati, mu kuma har yau haya.

Na Kaduna: Kar ka bari! Yaran The Critics masu hada finafinai da waya mai fasasshen gilashi suka fara a nan Kaduna, har J.J. Abrams, daraktan wasu finafinan Star Wars, ya aiko musu kayan aiki.

Oga Edita: Labarin kansu suka kirkira kafin duniya ta san su, ba kwaikwayo ba. Ni bidiyon biki nake dauka ina ci da iyali, duk da wani ango ya rike min cikon kudi tun bara, in na kira sai ya ce yana hanya.

Dan Soro: Nawa ma ai kirkira ce, ba ku kalla ba ne.

Maman Yan Biyu: Shi Baban ya kalla?

Dan Soro: Bai san soron nake amfani da shi ba tukuna.