Kundin neman jari: shafi nawa ya isa, kuma a rubuta ƙimar kamfani a ciki?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni da abokin aikina mun ƙirƙiro manhajar da ke taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa wajen riƙe lissafin bashi, kuma mun fara samun masu biyan kuɗin wata-wata. Yanzu muna shirin neman jari, sai dai kundin gabatarwar da muka haɗa a PowerPoint ya haura shafi 30, kuma mafi yawansa bayani ne kan yadda manhajar take aiki. Me ya kamata mu zubar? Sannan shin ya dace mu rubuta ƙimar da muka yi wa kamfanin, ko mu bari sai an zauna?

Tsohon_Akanta:
Wa alaikumus salam. Malam, wanda za ku je wurinsa ba manhaja zai saya ba, kaso zai saya a kamfaninku, saboda haka abin da yake son sani shi ne ko kuɗinsa zai haihu. Bayanin manhajar bai kamata ya wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki a Apple kafin ya shiga harkar zuba jari, yana da ƙa'idar da ta shahara: shafi 10, minti 20, kuma kada girman rubutu ya gaza 30. Kamfanin DocSend, mai manhajar tura takardu, kuma ya fitar da bincike a 2015 da ya nuna cewa masu zuba jari kan shafe matsakaicin minti 3 da daƙiƙa 44 ne kawai a kan kundi ɗaya.

Tunda kun ce akwai masu biyan ku, wannan ne babban makaminku, kada ku ɓoye shi a ƙarshe. Ku nuna adadinsu wata bayan wata, da nawa ne suka ci gaba da biya bayan wata uku, da abin da kuke kashewa kafin ku samu mutum ɗaya. Ku duba tsohon kundin Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, na lokacin da ake kiransa AirBed & Breakfast: a jimla ɗaya suka bayyana hanyar samun kuɗinsu, wato kashi 10 cikin 100 na kowane ciniki.

Hajiya_Jari:
Game da ƙima, shawarata ita ce ku rubuta adadin kuɗin da kuke nema da abin da zai kai ku gare shi, amma ku bar ƙimar sai an hau teburin ciniki. Idan kun tsawwala, za a rufe kundin ba tare da an kira ku ba. Idan kun yi araha, ba wanda zai ce muku ku ƙara. Duk da haka, wajibi ne ku san lissafin a ka. A ce kun nemi miliyan 20, aka yi wa kamfanin ƙimar miliyan 80 kafin shigar kuɗin, to ƙimarsa ta zama miliyan 100, mai jari ya mallaki kashi 20 cikin 100. Amma idan miliyan 80 ɗin ƙimar bayan shigar kuɗin ce, kasonsa ya tashi zuwa 25. Da yawa kan amsa "na yarda" ba su tambayi wacce ake nufi ba.

Akwai kuma yarjejeniyar SAFE da Y Combinator, kamfanin Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya ɓullo da ita a 2013, wadda ke ba da damar karɓar kuɗi yanzu, a mayar da shi hannun jari a zagayen neman jari na gaba. Ku nemi lauya ya duba ko ta dace da dokar ƙasar da kuka yi rajista.

Injiniya_B:
Ban cika yarda a ɗauki ƙa'idar shafi 10 tamkar doka ba, domin an tsara ta ne don wanda zai tsaya ya yi magana. Kundin da aka tura ta imel ba shi da mai yi masa fashin baƙi, dole kowane shafi ya bayyana kansa, kuma kanun shafin ya faɗi sakamakon kai tsaye: maimakon "Kuɗin shiga", a rubuta yadda ya ƙaru da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ku yi guda biyu, na turawa a PDF da na gabatarwa.

Kuma don Allah kada ku rubuta cewa ba ku da abokin gasa. Littafin bashi da biro da ɗan kasuwa ya saba da su abokan gasarku ne, kuma kyauta suke kusan.

Mai_Lissafi:
Na gode ƙwarai. Hajiya, hasashen kuɗin shiga na shekara biyar fa, a cire shi?

Hajiya_Jari:
Ku taƙaita shi zuwa shafi ɗaya. Ba wanda zai gaskata adadin shekara ta biyar, amma za a tambaye ku zaton da kuka gina shi a kai, musamman na watanni 18 na farko da kuɗin zai ɗauke ku. Cikakken jadawalin ku ajiye shi a gefe, ku miƙa idan an nema.