Baffa ya riƙe gonar babanmu, in kai ƙara ko in jira alkawarin Allah?

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah ku ba ni shawara, barci ya ƙaurace mini. Shekara 3 ke nan da rasuwar babanmu. Ya bar gona a ƙauyenmu wajen Sumaila, da hannuna na cire gyaɗa a cikinta kafin aure ya kawo ni Sabon Gari. Baffanmu ya riƙe ta, wai mace ba ta gādon ƙasa, mu huɗu kuwa duk mata ne. Ga kuɗin haya, ɗinkin ma ba ciniki. Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi a 1 Bitrus 1:4, gādon da ba ya ruɓewa, ajiyayye a sama. Har hawaye na yi. To in na je kotu, na raina alkawarin ke nan?

Dattijo: 'Yata, ki bar gonar nan. A Luka 12 wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Yesu ya ƙi. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, ɗan da Allah ya yi masa alkawari. Ke shekara 3 kacal!

Maman Tagwaye: Baba, a gafarce ni, a duba Ƙidaya 27. 'Ya'yan Zelofehad biyar, duk mata, sun tsaya gaban Musa, Allah ya ce suna da gaskiya, aka ba su gādon ubansu. Ni da maigidana ya rasu, har katifa danginsa suka kwashe. Haƙuri aka yi ta ba ni, yau ina raɓe a ɗaki ɗaya a Brigade.

Dattijo: Wancan Tsohon Alkawari ne. 1 Korantiyawa 6 ta hana mu kai juna gaban alƙali. A kai wa dattawan ikkilisiya.

Mai tambaya: Baba, ai Baffan yana cikin dattawan can ƙauye. Kuma ba kwaɗayi ba ne, zakka ban taɓa fashi ba.

Ɗan'uwa daga Badawa: Yaya, akwai takarda? Mahaifiyarku fa, me ta ce? Mu ma filinmu haka ya salwanta.

Mai tambaya: Maganar Mama daban ce, ba zan kawo ta nan ba. Na dai ji Baffa ya fara nuna wa masu saye gonar.