Zaren kulle: kowa ya kawo baitinsa

Ɗan Sahun Kurna:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau Talata, 28 ga Afrilu 2020, azumi biyar, kwana 12 da rufe Kano saboda korona. Jiya da dare Shugaba Buhari ya ce Legas da Ogun da Abuja za a fara sassauta musu daga 4 ga Mayu, mu kuma ya ƙara mana mako biyu cur. Kekena na ƙofar gida na lulluɓe shi da tamfol, kaji sun mai da ƙarƙashinsa ɗaki. Tunda ba aiki, a yi waƙa. Ƙwar huɗu, amsa-amo "na". A faɗi son rai, ban da zagin iyaye.

Da sunan Allah na fara,
Shi ke ba bawa sutura,
Ya kare mu daga asara,
Da ciwon nan mai suna korona.

Salati dubu ga Ma'aiki,
Da sahabbai masu kirki,
Ni dai yau ba ni da aiki,
Sai lissafin dare da rana.

Ran Alhamis ƙarfe goma,
Gwamna ya ce kowa ya koma,
Ba kasuwa, ba zuwa noma,
Mako guda a gida a zauna.

Mako ya cika an ɗora,
Baba jiya ya sake ƙara,
Ga azumi ya riga ya fara,
Ba gero ba sukari gidana.

Mai keke bai bar balas ba,
Mai gida bai yafe haya ba,
Yara ba su san doka ba,
Gari na wayewa suna a kaina.

Baban Zulai, Kwari:

Wa alaikumus salam. Ɗan Sahu ka sosa min inda yake ƙaiƙayi. Legas an ba ta naira biliyan 10, mu ma nan an ce ana neman biliyan 15. Ku haɗa lissafin da kanku.

Ciwon da ya hau jirgin sama,
Ya sauka a Ikko ya kama
Masu zuwa Turai da dama,
Me ya haɗa shi da ɗan Kurna?

Ɗan Italiya shi ya kawo,
Manyan Abuja suka ɗauko,
Ni da ko tasha ba na yawo,
Don me za a rufe shagona?

Ta shiga har fadar shugaba,
Ba mu ji ta kama ɗan dako ba,
Ba ta san hanyar Rimi ba,
Sai gwamnan Bauchi da na Kaduna.

Zafin Kano mai narka kwalta,
Ƙwayar cuta ai zai gasa ta,
Kuɗin tallafi ake farauta,
Shi ya sa kullum sai kiran korona.

Anti Nas:

Alhaji barka da shan ruwa. Yanzu na sauka daga aikin kwana, idona ma bai buɗe sosai ba, amma wannan ba zan bar ta ta wuce ba.

Alhaji ka ce a nuna maka,
Da za a bar ni da na kai ka,
Ka ga dattijo sa'an babanka,
Yana kokawar iska a gabana.

Zafi bai kare Makka ba,
Ba ka ga fili a Ka'aba ba?
Tun Maris ba a yi Umara ba,
Ga dokar kulle har a Madina.

Manya suka kawo, ba musu,
To wa ke tuƙa motarsu?
Wa ke wanke kwanukansu?
Da dare ina yake zuwa kwana?

In na dawo sai in laɓe zaure,
In tuɓe kayan in ɗaure,
'Yata ta taho in ce ta daure,
Sai na yi wanka ta hau jikina.

Kuma kada ka ɗauka mu muna cin wani abu a ciki. Takunkumi ɗaya nake yi wa kwana uku, safar hannu da kuɗina nake saye.

Baban Zulai, Kwari:

Anti Nas ban ƙaryata idonki ba. Amma ke yarinya ce a 1996, lokacin da sanƙarau ya ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo ya gwada maganin Trovan a kan yara a garin nan, 11 suka mutu. Ni da wayona.

Wanda maciji ya sara,
Ya ga tsumma sai ya zabura,
Mu aka yi wa gwaji da yara,
Kar a ga laifinmu in mun tuna.

Malam na Tsangaya:

Allah Ya karɓi ibadarmu. Alhaji, tunawa ba laifi ba ce, amma killace gari ba Bature ne ya fara ba.

Manzo ya ce in kun ji ta,
A wata ƙasa kar ku shige ta,
In kuna ciki ban da fita,
Ku duba Bukhari, wannan Sunna.

Umaru ya nufi Sham ya juya,
Don annoba ta tare hanya,
Aka ce, "Ƙaddara kake ba baya?"
Ya ce, "Daga ƙaddara zuwa ƙaddarar Rabbana."

To wannan na talakawa ne. Yanzu ga na hukuma, don ba zan yi wa'azi da rabin baki ba. Ranar 18 ga wata aka binne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu ta Abuja, Allah Ya jiƙansa da rahama. Kowa ya ga yadda aka yi.

Hukuma ku ma ku ji nawa,
Kun hana Juma'a ga talakawa,
Ran jana'izar Gudu an cika da yawa,
A talabijin na gani da idona.

Almajirai kun zuba a mota,
Daga birnin da ake da cuta,
Hadisin ya ce ban da fita,
Ku kun kai su Jigawa da Katsina.

Yaron da ya yi shekara huɗu a gabana, allonsa na nan jingine, ko wanke shi bai samu ya yi ba.

Ɗan Sahun Kurna:

Allah Ya gafarta Malam, amsar Sayyidina Umar ta yi wa karin tsawo, sai da na ja numfashi biyu kafin na kai ƙarshenta. Amma wa zai gyara wa Sahabi magana? Mun karɓa a haka.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa daga tsallaken iyaka. Mu nan ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko. Shugaba Isufu ya rufe lakwal da masallatai, aka killace Yamai, ba shiga ba fita, ga dokar hana yawon dare. Ku dai kuna kukan kwana 12.

Tun Agusta iyaka na rufe,
Cinikinmu na Maigatari ya kife,
Sai ga korona ta zo ta shafe
Ɗan guntun da ya rage hannuna.

An hana jam'i, samarin Mirya
Suka fito suka tare hanya,
A Yamai ma an ƙona taya,
Jandarma da yara ana ta fitina.

Malam, hadisinka na ji shi, na kuma yarda. Amma ka zo ka karanta wa ɗan shekara 18 da ya ga ƙofar masallaci da kwaɗo, kasuwa kuwa tana ci.

Malam na Tsangaya:

Ai ba ku kaɗai ba ne. A Kusada ta Katsina, ƙarshen Maris, kan hana Juma'a aka ƙona ofishin 'yan sanda. Da a ce tun farko limamai aka fara tarawa kafin a tara 'yan sanda, da wutar ba ta kai haka ba.

Maman Marayu:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan Sahu ka yi haƙuri, ni ba zan iya "na" ɗinka ba. Abin da ke damuna da "wa" yake ƙarewa, kuma ƙwar biyu zan yi, ƙarfin da nake da shi ke nan.

Kun ce a wanke hannu da sabulu,
Famfon unguwarmu ya manta ruwa.

Mai ga-ruwa na tsoron shinge,
Jarka ta yi tsada ta gagari kowa.

Kun ce a zauna a ba da tazara,
Mu tara ne a ɗaki, ina wurin matsawa?

An ce an buɗe rumbun gwamnati,
Tan dubu 70, muna ta jin sanarwa.

Ranar rabo na tsaya tun hantsi,
Na dawo da mudu guda na dawa.

Kaskon ƙosai na kife a madafa,
Bara war haka kwano uku nake niƙawa.

Korona kun ce a sa takunkumi,
Anti Nas, me ake ɗaura wa yunwa?

Anti Nas:

Yaya, wannan ba a koya mana ita a makaranta ba. Ba ni da baitin da zan mayar miki. Ki duba saƙo a gefe.

Ɗan Sahun Kurna:

Umma kin karya doka, amma yau duk garin kowa karya ta yake. Bari ni ma in tona kaina.

Shekaranjiya na saci hanya,
Mai naƙuda ce a kujerar baya,
A shinge aka ce in tsaya,
Za a sace iskar tayoyina.

Na haɗa su da girman Allah,
Matar na ta nishin wahala,
Ba su ji ba sai da ta sulala,
Naira 500 daga aljihuna.

Namiji ta haifa, alhamdu lillahi. Kuma ni na gode Allah da abin ya tsaya a kuɗi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a mako biyun farko na kulle a sauran jihohi jami'an tsaro sun kashe mutum 18, lokacin da cutar kanta ba ta kai ga haka ba.

Maƙwabcin Dandolo:

Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Ni ba mawaƙi ba ne, ku yi min uzuri. Ban san sunan abin da ke kashe mutane ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Gidanmu na daf da Dandolo,
Ba labari ba ne, na yi kallo,
Mutuwa ta sake sabon salo,
Makara na bin makara duk rana.

Masu haƙa sun ce sun gaji,
Yawanci dattijo ne, alhaji,
Ya bar gida ya bar magaji,
Jiya-jiya muka gaisa da rana.

Gwamnati ta ce hawan jini ne,
Ciwon suga da sanƙarau ne,
Ɗakin gwajin ma ya tsaya ne,
To wa zai faɗa mana ainihin suna?

Da, in an shigo da gawa yara kan leƙa ta katanga. Yanzu sun daina leƙawa.

Ɗan Damagaram:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu nan muna jin labarin a rediyo, wasu na cewa ƙarin gishiri ne. Allah Ya sawwaƙe wa Kano.

Ɗan Sahun Kurna:

Kwana biyu zaren ya yi shiru. Alhaji Baban Zulai, lafiya? Ba mu saba jin ka bar wa Anti Nas magana ta ƙarshe ba.

Baban Zulai, Kwari:

Ba lafiya ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ɗora ni a kasuwa, Allah Ya yi masa rasuwa daren jiya. Zazzaɓi ya fara ranar Asabar, muka ce na sauro ne, muka sayo magani a kemis.

Asibiti uku muka zaga,
Na farko aka leƙo ta taga,
Na biyu aka hana mu shiga,
A na uku ya cika a hannuna.

Ba a yi gwaji ba, ban sani ba,
Suga gare shi, ban musa ba,
Amma numfashin ban taɓa ji ba,
Har yanzu yana cikin kunnena.

Ni na yi wankan, ba safar hannu,
Zaure ya cika da masu sannu,
Kowa ya shigo sai ya miƙo hannu,
Anti Nas, in karɓa ko in hana?

Malam na Tsangaya:

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙuri. Wanda ya rasu a watan nan muna kyautata masa zato.

Alhaji ka naɗe tabarma,
Ka sallami jama'a da girma,
Addu'a daga nesa ta fi rahama
Da cunkoson da zai jawo nadama, ɗana.

Karin ya sake tsawo, Ɗan Sahu ya yi shiru.

Anti Nas:

Allah Ya gafarta masa. Alhaji yau ba waƙa zan yi ba. Kada ka ba kowa hannu. Ka ware ɗaki ɗaya, da kofinka da butarka, kwana 14. Duk wanda ya yi jinyarsa ko ya shiga motar nan haka. Ka kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ko na jiha, in ba a ɗauka ba ka sake kira, ka faɗa musu ba a yi masa gwaji ba. In ka ji zazzaɓi ko tari ko ƙirji ya yi nauyi, ka neme ni a gefe ko ƙarfe nawa ne. Mafi muhimmanci, tsofaffin gidan. Hajiya tana ina?

Maman Marayu:

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwanci,
Ya ba Hajiya juriyar rabuwa.

Baban Zulai, Kwari:

Na gode muku duka. Na naɗe tabarmar maza, wasu sun ji haushi sun tafi ba sallama. Matsalar cikin gida ce. Hajiya tana tsakar gida, mata sun kewaye ta, kowa ta shigo sai ta rungume ta. Na yi magana ta ce ƙaninta ne ciki ɗaya, ba wanda zai hana ta karɓar gaisuwarsa, wai ni da bakina na ce babu cutar. Malam, tana jin maganarka fiye da tawa. Na tura maka lambarta a gefe, don Allah ka kira ta kafin a sha ruwa.