An ba ni shugabancin sashe, amma wasu sun girme ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka ɗora ni a kan sashenmu na lissafin kuɗi. Mu bakwai ne, uku sun girme ni nesa ba kusa ba, ɗaya ma shi ya koya mini aikin da na zo. Yanzu in rahotonsa ya makara, nauyin yi masa magana nake ji, sai in zauna har dare in ƙarasa da kaina. Wallahi na gaji. Yaya zan ja ragama ba tare da na ɓata da kowa ba?

Tsohuwar ma'aikaciya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙarasa aikin wani da kake yi shi ya fi damuna. Kana nuna musu jinkiri ba komai ba ne, su kuma na sama kai za su tuhuma. Ka samu dattijon nan ku biyu kaɗai, ka fara da neman shawararsa kan yadda za a daina makara, don ya fi ka sanin inda aikin ke tsayawa. Sannan ku tsayar da ranar miƙa rahoto a rubuce. Kada ka kuskura ka yi masa gyara a gaban yara.

Wani shugaban sashe:
Ni ganawar minti 15 da kowa duk mako ce ta taimake ni. Tambayata biyu: me ya tsaya maka, me kake buƙata a wurina?

Mai tambaya:
Na gode Yaya. Gobe da sassafe zan same shi kafin sauran su iso.