Kaji, zabi, agwagi da tantabaru a gida ɗaya: wa ya taɓa gwadawa?

Mai kiwon bayan gida, Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina haɗa kiwo a ɗan filin bayan gidana: kaji, zabi 6, agwagi 3, da tantabaru a saman ɗaki. Hunturun bana na sayo zakara a kasuwar Lahadi, ja mai kyau, na sake shi cikin kajina a ranar. Kwana biyar suka fara gyangyaɗi, kashi kore, wata har wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Cikin sati biyu na binne kaji 11. Agwagin kuwa ko gezau. Maƙwabciyata ta ce su suka kawo ciwon, in sayar da su. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan kiwo ya taimake ni da abin da ya gani.

Dattijo daga Illela:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Zakaran nan naka shi ne ɓarawon. Wannan ciwon da ke murɗe wuya shi likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma lokacin iska da sanyi ya fi ɓarna. Ni ma ya share mini gida sau biyu kafin in yi hankali. Yanzu duk tsuntsun da ya fito kasuwa, ko kyauta aka ba ni, sai ya yi sati biyu a kwando can gefen rumbu, ruwansa daban. Kuma da an gama girbin hatsi nake kiran ma'aikacin ofishin kiwo ya yi wa kaji da zabi rigakafi, tun suna lafiya. In ciwo ya riga ya shiga, allurar ba ta tayar da wadda ta kwanta.

Amma maƙwabciyarka ba ta yi ƙarya duka ba. Agwagwa kan ɗauki cuta tana yawonta lafiya lau. Ka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006. Ka raba musu makwanci, shi ke nan.

Hajiya mai zabi, Konni:
Baba ya gama maganar ciwo, ni zabi zan yi maka. Zabuwa ba uwa ba ce. Da damina take ƙwai, kuma ba za ta yi a gida ba sai ta samu ciyawa ta ɓoye. Yarana nake sawa su bi ta da hantsi, su gano wurin. In za ka kwashe ka bar mata biyu ko uku, in ba haka ba ta sauya wuri. Kakarmu da ludayi take ɗauka wai kar ta ji warin hannu. Ni dai da hannu nake ɗauka, ban ga ta guje ba.

Ƙwan sai ka sa wa kaza mai kwanci. Na kaza kwana 21 ne, na zabo yakan kai 26 zuwa 28. To in kana son haɗawa, ka fara sa na zabo, bayan sati ka ƙara na kaza biyu, su ƙyanƙyashe tare. Na taɓa sawa rana ɗaya, kazar ta ga 'ya'yanta sun fito ta tashi abinta, ƙwan zabo 14 suka huce. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sannan raɓa. Ɗan zabo in ya jiƙe da safe, da wuya ya kai yamma. Ina rufe su da uwar har rana ta ɗaga, in ba su tsakin hatsi da gara. Garar ma ba wuya: tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da karan dawa, a yayyafa ruwa, a kife a bakin shuri da yamma. Da asuba ka ɗauko ta cike.

Ƙaninku daga Madawa:
Yaya, matsalar agwagi ruwa ce. Duk kaskon da ka aje sai sun shiga sun mayar da shi taɓo, kaji su zo su sha. Na yanka jarka na yi wa kaji mashaya mai ƙananan ƙofofi, na ɗora kan bulo, agwagi kuma na haƙa musu ɗan rami nesa. Kuma kar ka zubar da ƙwansu don ka ga wata ya cika, kwana 35 suke yi.

Wata uwa, Buza:
Ba wanda ya ambaci talotalo. Na sayi 'ya'ya 5, na bar su suna kiwo inda kaji ke tono. Wata biyu suka fara kashi rawaya, fukafukai a sake, ɗaya ta rage. Likita ya ce cuta ce da tsutsar cikin kaji ke ɗauke da ita a ƙasa, kaza ta jure, ɗan talotalo ba ya jurewa. In ba ka da wurin da kaji ba sa takawa, ka haƙura da su.

Mai kiwon bayan gida, Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na share akurkin na ƙone shara, na zuba toka. Da na ɗaga tukwanen tantabaru kuma sai ga kaska cike da tsagar bango, ashe da dare suke sauka kan kajin. Gobe zan yaɓe bangon. Hajiya, kaji 4 suka rage mini, ɗaya mai kwanci ce sosai. Ƙwan zabo nawa kike sa wa kaza ɗaya?

Hajiya mai zabi, Konni:
Ka duba girmanta. Kazata ƙarama ce, 12 nake sa mata, don na ga in sun wuce haka na gefe ba sa samun ɗumi.